Zafin Paraku da Gumin Kwatano: Wa Ya Kamata a Tuhuma?

Duk shekara, da zarar hunturu ya naɗe tabarmarsa a ƙarshen Fabrairu, sai tsohuwar gardama ta dawo majalisunmu na Zango. Wanda ya yi wata uku a Kwatano zai dawo yana fifita da hula, yana cewa Paraku tanderu ce, Jugu kuwa ƙanwarta, wai mai hankali ba ya zama inda iskar teku ba ta kaiwa. Na saurari wannan magana har ta ishe ni, yau kuma zan amsa ta.

Ba na musun abin da ma'aunin zafi ya nuna. A watannin Maris da Afrilu, zafin rana a Paraku da Jugu yakan doshi digiri 40, alhali a Kwatano da wuya ya wuce 33 da nisa. To amma lamba daban, abin da fata ke ji daban. Gumi yana sanyaya mutum ne idan ya bushe, domin bushewarsa ce ke ɗauke zafi daga jiki. A busasshiyar iska irin tamu ta rani, ka shiga inuwa, ka ɗan zauna, sai ka ji jiki ya saki. A bakin teku kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin karɓar naka gumin. Sai ka yi wanka, kafin ka ɗaura maɓallin riga ta manne maka a baya. Wannan dalilin ne ya sa randar ƙasa ke ba mu ruwa mai sanyi a nan: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafin. Kai randar nan Kwatano ka ga yadda za ta yi kasala.

Na biyu, mu muna da dare. Idan sama ta washe kuma iska ta bushe, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tashi ya tafi, shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu mutumin Jugu ke neman bargo da asuba. Wanda ke da yanayi huɗu, bazara da damina da kaka da hunturu, kowanne da abincinsa da aikinsa da hirarsa, ina dalilin da zai yi hassadar wanda shekararsa ke juyawa tsakanin ruwa da gumi?

Adalci ya sa in faɗi abin da ke kanmu. Hunturu yana zuwa da ƙura, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, tana fasa leɓe da dunduniya, tana tayar da tari. Arewacin Benin yana cikin yankin da sanƙarau ke barazana a lokacin rani, kuma duk uban da ya yi sakaci da rigakafin 'ya'yansa ya yi ganganci. Makonnin da ke gab da saukar ruwan farko, lokacin da laima ta iso amma hadari bai zubar ba, su ma azaba ne, dare da rana. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tambayata ita ce: azabar da muke kuka da ita a ɗakunanmu, nawa ne na sama, nawa ne na hannunmu?

Kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa ratsa Borgu da jakuna daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja domin sayen goro, sun mai da Jugu babban zango a wannan hanya, wasunsu kuma suka zauna har muka samu kanmu a nan. Ba su da fanka, ba su da lantarki, amma sun san ginin ƙasa mai kauri, wanda ke shanye zafin rana ya hana shi shiga ɗaki sai dare ya yi. Sun san zaure, sun san rumfa, sun san a bar bishiya a tsakar gida. Mu kuwa da muka waye, sai muka ɗora kwano a kan siririn bulo, babu silin, taga kamar ramin ɓera, muka shafe tsakar gida da siminti, muka sare mangwaro domin a samu wurin shago. Kaɗanya da ɗorawa na daji kuma ana ta mai da su gawayi. Mun gina tanderu da kuɗinmu, mun shiga ciki, sa'an nan muna zagin gari.

Ku dubi sauran duniya. Marakish ta Maroko da Agadas ta Nijar ba su fi mu sauƙin rana ba, amma tsofaffin unguwanninsu an gina su ne da sanin zafi: bango mai kauri, lungu mai inuwa. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013. Nan kusa da mu, a tsaunukan Atakora, gidajen ƙasa na Batammariba sun samu irin wannan karramawa a ɓangaren Benin a 2023. Abin da baƙi ke biyan kuɗin jirgi su zo su gani, shi muke kira ƙauyanci.

Kowa da abin da jikinsa ke so, kuma wanda ya zaɓi Kwatano saboda kasuwa ko aiki, Allah ya ba shi sa'a. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a koya wa 'ya'yanmu raina ƙasar da ta karɓi kakanninsu a kan laifin da ba nata ba. 'Yan'uwa, damina na tafe. Mai fili ya dasa darbejiya ko mangwaro a ƙofar gida, mai gini ya ɗaga rufi ya buɗe tagogi masu fuskantar juna, mai randa kada ya jefar da ita don ya sayi firji, domin ranar da aka ɗauke wuta zai neme ta. Idan mun yi haka shekara goma, sai mu sake zama a majalisa mu yi gardamar, mu ga wanda zai fara fifita da hula.