Tazarar da ke tsakanin taya da madigadi ba ta banza ba ce

Wani ɗalibina a makarantar horar da malamai ya nuna mini bidiyo a waya: mota ta kwanta a ƙasa kamar kunkuru, taya ta shige cikin madigadi. Wai in ya fara ɗaukar albashi haka zai yi wa tasa.

Ƴan asalin Meziko ne suka fara wannan yayi a Los Angeles, a shekarun 1940. A 1958 jihar Kaliforniya ta hana a sauke mota ƙasa da gindin ƙarfen taya, sai suka koma sa na'urar da ke ɗaga ta in sun hango ɗan sanda. Su kwaltarsu sumul take.

Mu fa? Wannan tazara ce wurin da taya ke hawa in ta faɗa rami. Makanike ya yanke sifirin, a ɗora buhun hatsi biyu da yara a baya, madigadi zai riƙa cin taya a kowace kwana har ta fashe. Tudun rage gudu na ƙofar makarantunmu kuwa, kwanon baƙin mai zai fasa.

Iyaye, sau da yawa motarku ce ake kaiwa gareji. Kada ku yarda a taɓa sifirin. Shi kuwa ɗalibin, na ce ya fara biyowa ta unguwarmu da damina.