Sabuwar Camry da Farashin Dillalai: Fa'idodi da Illoli

A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Toyota ya baje kolin sabuwar Camry, zubi na tara, kuma kafin tsakiyar 2024 ta shiga hannun dillalai a Amurka a matsayin ƙirar 2025. Abin da ya ta da ƙura ba fitilu ba ne, ba fenti ba. Kamfanin ya yanke shawarar cewa duk Camry da za a sayar a ƙasar haibirid ce, wato mai haɗa injin fetur da na lantarki. An janye injin fetur zalla mai silinda huɗu, an kuma janye babban injin V6 mai ƙarfin doki 301 wanda masu son gudu ke ji da shi. Tun daga ranar masu saye suka rabu gida biyu a kan ita kanta motar, amma da aka zo maganar kuɗin da ake biya a wurin dillali, sai bakinsu ya kusa zama ɗaya.

Camry ba mota ba ce da za a taɓa ta a yi shiru. Sama da shekara 20 ta yi tana kan gaba a cinikin motocin salun a Amurka, kuma tun 1988 ake harhaɗa ta a garin Georgetown na jihar Kentucky. Abokan takararta kuwa sun yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, saboda jama'a sun koma wa jif da a-kori-kura. Ford ya daina yin Fusion a 2020, Mazda6 ta bar kasuwar a 2021, Passat ta bi bayanta, Chevrolet ya rufe babin Malibu a ƙarshen 2024. Magidancin da ke son salun mai ɗaukar mutum biyar da kayansu zaɓinsa ya ragu zuwa Camry, da Accord ta Honda, da Sonata, da K5, da Altima. A riƙe wannan, domin shi ne ƙashin bayan ƙarfin da dillali ke da shi.

Fa'idar farko, kuma mafi girma, ita ce mai. Bisa ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, tsohuwar Camry LE mai fetur zalla tana cin mil 32 a galan guda, kusan kilomita 13 da rabi ke nan a lita. Sabuwar LE tana cin mil 51, kusan kilomita 22 a lita. Mutumin da ke tafiyar mil 12,000 a shekara zai sha galan 375 a tsohuwa, galan 235 a sabuwa. Rarar galan 140 ce, fiye da lita 500. In galan yana kan dala uku da ɗoriya, an tsira da sama da dala 400 duk shekara. Farashin da kamfani ya sa wa sabuwar ya fara daga dala 28,400 ban da kuɗin jigila, alhali tsohuwa mai fetur tana farawa daga 26,420, tsohuwar haibirid kuma 28,855. Saboda haka wanda dama haibirid yake nema ya samu sauƙi, wanda kuma mafi arha yake nema an ɗora masa kusan dala 2,000, da sai ya yi wajen shekara biyar yana tuƙi kafin rarar mai ta mayar masa da su. Duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa, kowa daga aljihunsa yake magana.

Masu yabonta suna ƙara da cewa ƙarfi bai ragu ba ga mafi yawan mutane, ƙaruwa ma ya yi: doki 225 a maimakon 203 na tsohon ƙaramin injin, ko 232 ga mai jan ƙafa huɗu, wadda aka sa wa wani injin lantarki daban a baya. In ka danna maɓallin tayarwa ba ka jin komai, sai wata koriyar alama ta kama a gaban sitiyari. Ka sa giya, motar ta silale daga gareji shiru, sai ka hau titi ka taka sosai sannan injin fetur ya farka. A cunkoso injin yana yawan mutuwa da kansa, batir ya riƙe na'urar sanyaya mota. Babu kik-sitata irin ta da, babu altaneta, babu belin da ke juya su, kuma birki yana daɗewa bai cinye ba domin injin lantarki ne ke fara rage gudu yana mayar da wutar cikin batir. Toyota na ba da garantin shekara 10 ko mil 150,000 a kan batirin. Kamfanin da ke yin haibirid tun Prius ta 1997 ba ɗan koyo ba ne a wannan fanni, kuma a ganina wannan tarihin ya fi duk wata talla kwantar da hankalin mai saye.

Ƙorafe-ƙorafen su ma ba na banza ba ne. Wanda ya saba da V6 ba abin da zai maye masa gurbinsa, kuma an tafi da samfurin Camry na masu son gudu, TRD, tare da shi. Wasu na kukan cewa in aka taka motar da ƙarfi, a hawan tudu ko wajen wuce babbar mota, injin yakan ɗaga murya ya tsaya a wuri guda yana ruri, domin giyar ba mai hawa-hawa ba ce. Sai kuma ƙorafin da na fi ba wa nauyi: sabuntar ba ta kai yadda aka kururuta ba. Gangar jikin da aka ɗora motar a kai ita ce ta ƙirar 2018, kuma duk wanda ya kalle ta daga gefe zai ga ƙofofi da rufi irin na da. Fuska da baya da cikin mota ne suka sauya. Wannan ba aibi ba ne ta fuskar ƙarko, abin da aka gwada shekara bakwai an san halinsa, amma mai biyan kuɗin sabuwar mota yana da haƙƙin ya so ta yi kama da sabuwa. Akwai kuma wasu hidimomi, kamar tayar da mota daga wayar hannu, da ake ba ka kyauta na ɗan lokaci, daga baya a ce sai ka riƙa biya wata-wata. Mutane da yawa na jin haushin biyan haya a kan abin da ke cikin motar da suka riga suka saya, kuma ina tare da su.

Duk wannan muhawara ce ta mota. Inda abin ya fi zafi shi ne filin dillali.

A mafi yawan jihohin Amurka doka ba ta barin kamfani irin Toyota ya sayar wa mutum mota kai tsaye, sai ta hannun dillali mai lasisi. Farashin da kamfani ke sanarwa shawara ce kawai, dillali na da ikon ya ƙara ko ya rage. Tun 1958 wata dokar tarayya, wadda Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma ya jagoranta, ta wajabta a manna takarda a gilashin kowace sabuwar mota, mai nuna farashin kamfani da kayan da ke cikinta da kuɗin jigila. Takardar tana nan har yau. Amma sau da yawa a gefenta za ka ga wata 'yar siririyar takarda, wadda dillali ya buga da kansa, an yi mata zubi irin na ta hukuma. A cikinta ne ake jera ƙari: maganin kare fenti, duhunta gilashi, zana lambar mota a jikin gilashi don maganin ɓarayi, iskar naitirojin a taya, wani lokaci da layi na ƙarshe da ake kira daidaita farashi da kasuwa, wanda ba kaya ba ne, riba ce tsagwaronta. Ita iskar naitirojin ɗin, kashi 78 cikin ɗari na iskar da kowane mai faci ke hurawa a taya dama naitirojin ce. In ka ce ba ka so, sai a ce an riga an sa, ba a cirewa.

Wannan ɗabi'a ta yi ƙamari a 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta da ake sa wa motoci ya bar filayen dillalai wayam. Abin ya kai har Ford da General Motors suka gargaɗi dillalansu a farkon 2022. Kasuwa ta lafa daga baya, amma Toyota na cikin kamfanonin da motocinsu ba sa daɗewa a fili, musamman haibirid, don haka dillalinta bai cika jin matsin yin ragi ba. Akwai kuma wani tsani da masu saye da dama ba su san da shi ba sai sun ga takarda. A jihohi biyar na kudu maso gabas, ciki har da Florida da Georgia, da wasu biyar da suka haɗa da Texas da Louisiana, ba Toyota ke raba wa dillalai mota ba, wasu kamfanoni biyu ne masu zaman kansu, Southeast Toyota da Gulf States Toyota, kuma sukan ƙara nasu kayan kafin motar ta isa fili. Sai kuɗin cike takardu: lokacin da motar ta fito, jihar Kaliforniya ta ƙayyade shi a dala 85, Florida kuwa ba ta sa iyaka ba, kuma a can yakan doshi dala dubu.

Yanzu a koma ga lissafin mai. In ƙarin dillali ya kai dala 2,000, rarar man wata shekara biyar ta tafi tun mota ba ta bar fili ba. Injiniyoyi sun yi shekaru suna neman yadda za su rage wa magidanci galan 140 a shekara, takarda guda a gilashi ta kwashe. Abin ya fi muni ga mai saye da bashi, domin a ɗakin ƙarshe, inda ake sa hannu, ba a maganar jimillar kuɗi, tambayar ita ce nawa za ka iya biya a wata. Da zarar ka faɗi adadi, sai a miƙa bashin zuwa wata 72 ko 84 don ƙarin ya ɓuya a ciki, kuɗin ruwa kuma ya hau kansa.

Adalci ya sa a faɗi amfanin dillali, kuma yana da shi. A wurinsa ake gwada mota kafin a saya, shi ke karɓar tsohuwarka a rage maka kuɗi, shi ke gyaran garanti da na kiranye in kamfani ya gano matsala. 'Yancin da ya ba shi damar ƙarawa shi ne kuma ke ba shi damar ragewa: in kaya suka yi yawa, dillalai kan yi gasa har a sayar ƙasa da farashin kamfani, abin da mai sayen Tesla, wadda ake saye kai tsaye a farashi guda, ba ya samu ta hanyar tayi. Akwai dillalai da yawa da ba sa ƙara ko sisi, kuma masu sayen da suka rubuta wa uku ko huɗu suna neman jimillar kuɗin fita da mota a rubuce, da haraji da komai, galibi su ne ke dawowa da labari mai daɗi. Illar tsarin ita ce yana saka wa mai lokaci da wayo da iya ciniki, yana cin wanda motarsa ta mutu jiya kuma dole ya je aiki gobe. Mutum biyu su sayi mota iri ɗaya a gari ɗaya, tazarar dubban daloli a tsakaninsu.

Hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta yi yunƙurin gyara. A Disamba 2023 ta fitar da ƙa'idar da za ta tilasta wa dillali ya faɗi ainihin farashi tun farko, ta kuma hana cajin ƙarin da ba shi da amfani ga mai saye, tana hasashen za a rage wa jama'a asarar sama da dala biliyan uku a shekara. Ƙungiyar dillalan motoci ta ƙasa da ta jihar Texas suka kai ƙara, kuma a Janairu 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar, bisa hujjar cewa hukumar ta tsallake wani matakin sanarwa da ya wajaba a kanta. Ba a ce ƙa'idar ba ta da amfani ba, amma ta faɗi tun ba ta fara aiki ba.

Mu ma abin ya shafe mu, domin Camry da ake saye a Amurka yau ita ce tokumbon da za ta sauka a tashar Legas bayan wasu shekaru, kamar yadda tsofaffin Camry da muke kira Big Daddy da Muscle suka zo suka cika titunanmu. A China har yanzu ana yin sabuwar da injin fetur zalla, amma tamu hanyar daga Amurka take, kuma daga ƙirar 2025 haibirid kaɗai za ta riƙa fitowa daga can. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, motar da ke cin kilomita 20 a lita abin so ce ga kowane ma'aikaci. Sai dai za ta iso ne garantin batirinta ya ƙare ko ya kusa, kuma batirin, wanda ke ƙarƙashin kujerar baya, fanka ce ke sanyaya shi da iskar cikin mota ta wata 'yar matata. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu za su gwada wannan matatar, in ta toshe batir ya yi zafi, kwanansa ya ragu. Bakaniken da ya ƙware a kan Muscle a Ƙofar Ruwa ko Panteka zai buƙaci kwamfutar gwaji da safar hannu mai kare wuta, da sanin cewa wayoyi masu ruwan lemo da ke cikin motar suna ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum. Wanda zai saya kuma, kafin ya duba fenti da taya, sai ya sa an jona kwamfuta an karanta masa lafiyar batirin tun bai ce ya saya ba.