Lissafin Doki Ba Ya Cika Rumbu



Wani daga cikinku ya ce mini abin da yake yi a waya ba caca ba ne, wai nazari ne. Yana duba asalin doki, da gudunsa na baya, da mahayinsa, sannan ya zuba kuɗi. Ɗana, suna kawai ka sauya wa caca.

Irin sukuwar da kuke bi, babbarta ita ce Kentucky Derby, ta dawakai 'yan shekara uku, wadda ake yi a Amurka tun 1875. A 2022 masana sun gama lissafinsu, sai Rich Strike, dokin da bai sami gurbi ba sai ana gobe sukuwa, ya zo na ɗaya. An raina shi har wanda ya sa dala 1 a kansa ya ci 80. Masu ganin dawakan da idonsu sun kasa, balle kai da ke Dambatta riƙe da waya?

Doki ɗan shekara uku bai gama girma ba, gudunsa na jiya ba shi ne na yau ba. Mai gidan caca kuwa ba ruwansa da wanda ya ci, domin yana cire rabonsa kafin a biya kowa.

Farkon Mayu ake wannan sukuwa, daidai lokacin da muke harhaɗa kuɗin taki. Gonakinmu ƙanana ne, ba sa hutawa, ba sa bayarwa sai da taki. Kuɗin da ka ba doki, rumbu zai tambaye ka shi da kaka, ƙannenka ma haka.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.