Kafin a Zaunar da Tsohuwar Mota Kamar ta TikTok, a Fara Duba Hanyar Gezawa

Akwai wani salon bidiyo da ya cika TikTok da YouTube. Za a nuno tsohuwar motar tsere, Datsun 240Z ko BMW ta shekarun 1980, an ɗage ta a gareji mai tayil, an kwance mata ƙafar gaba, an ɗaura sababbin ƙarafa masu walƙiya. Cikin daƙiƙa 40 an gama. Ana sauke ta sai ga cikinta ya kusa taɓa ƙasa, tayoyin gaba sun karkato ciki kamar mai gwame. Matashin da yake kallo a Gezawa ko Jogana, wanda ya gaji Fijo 504 ta mahaifinsa ko ya yi tarin kuɗi ya sayi tsohuwar Marsandi, daga nan sai AliExpress, yana duba farashi.

Kayan ba su da laifi. Hasali ma, ƙafar gaba mai saiti ta fi amfani a Gezawa a kan Tokyo ko Landan. Matsalar ita ce bidiyon yana koyar da juya saitin zuwa inda bai dace da hanyar nan ba, kuma ba ya nuna awo, wanda shi ne rabin aikin.

Kayan da ake magana a kai uku ne. Akwai koyiloba, wato shokazoba da sifirin a haɗe, da zobe mai zare da ake murɗawa motar ta yi sama ko ƙasa. Akwai farantin da ake ɗaurawa a saman shokazoba, wanda yake ba da damar karkata taya ciki ko waje. Sai hannuwan ƙasa da sanduna masu zare, da ake tsawaitawa ko a gajarta. Da su ake taɓa kusurwoyi uku. Kamba ita ce karkatar saman taya idan an tsaya a gaban mota. Kasta ita ce jinginar sandar da taya take juyawa a kanta, irin jinginar ƙafar gaban babur, kuma ita ce take mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Ta ukun ita ce fuskantar tayoyin biyu: ko sun kalli juna kaɗan, ko sun kau da kai, abin da masu alayimen suke gyarawa da tayarod.

Kamfani ya kulle mafi yawan waɗannan ne da gangan. Saka kaya masu saiti daidai yake da yi wa waya rutin: ƙofofin da aka rufe duk sun buɗe, har da wadda ake faɗawa rami ta cikinta. Bambancin kawai, wayar da ta mutu ana kai ta Farm Centre a yi mata filashin. Motar da sanda ta kwance mata tana gudun kilomita 100 a titin da ya taso daga Yankaba, ga babura, ga 'yan makaranta, ga shanu suna tsallakawa, ba ta da filashin.

Abin da ya kamata masu sha'awar nan su sani shi ne, motocin da suke kwaikwayo sun yi sunansu a Afirka ne a tsaye, ba a zaune ba. Datsun 240Z ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake lashewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Fijo 504 ta ci gasar a 1975 da Ove Andersson, sannan samfurinta mai ƙofa biyu da injin V6 ya ci a 1978 da Jean-Pierre Nicolas. Dubban kilomita ne na ƙura, taɓo da duwatsu. Motocin da suka shiga an ƙarfafa musu ƙafa, an sa musu garkuwa a ƙasan inji, an bar wa taya sarari ta hau ta sauka. A 1975 ɗin ne kuma kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, kuma 504 ta zama motar gwamnati, motar tasha, motar kai amarya. Ba kyan fenti ne ya sa direbobin Arewa suka riƙe ta shekara da shekaru ba. Doguwar tafiyar shokazobarta ce, wadda take haɗiye gargada ba tare da ta karya bayan fasinja ba. Wanda ya zaunar da 504 ya cire mata abu ɗaya da ta fi kowa iyawa.

A duba hanyar da motar za ta bi. Titin kwalta yana da tuddan rage gudu a bakin garuruwa. Da an sauka daga kwalta kuma, burtali ne tsakanin gonaki, ƙasa mai yashi, tayoyin amalanke da na akori-kura sun haƙa layi biyu sun bar tudu a tsakiya. Da damina ruwa yana zaizaye gefe, ya bar kwari inda jiya babu. Motar da aka rage wa santimita 5 za ta riƙa shafar wannan tudun da ƙasan injinta, inda baƙin mai yake taruwa. Dutse ɗaya ya isa ya fasa wurin, kuma injin da mai ya tsiyaye masa ba ya daɗewa.

Wannan ma ɓarnar da ake gani ce. Wadda ba a gani ta fi haɗari. 504 da 240Z duka suna da tsarin da shokazoba take cikin sifirin a matsayin ginshiƙi ɗaya, da hannu ɗaya a ƙasa. Idan aka zaunar da irin wannan mota da yawa, hannun ƙasa da tayarod suna barin kusurwar da aka ƙera su a kai. Sakamakon shi ne duk lokacin da taya ta hau tudu, sai ta ɗan juya da kanta ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. A titi mai santsi ba a cika ji ba. A hanya mai gargada, mota ce mai yanke shawara ita kaɗai. Ga shi kuma shokazoba ta rasa rabin tafiyarta, tana dukan ƙarshe, dukan yana sauka a jikin ƙarfen da ya shekara 40 yana tsatsa.

Sai ƙura. Yawancin hannuwa masu saiti na tsere suna zuwa da gaɓar ƙarfe tsirara, babu robar da ta rufe ta. An yi su ne don filin tsere, inda ake duba mota bayan kowace fita. Ƙurar hunturu da yashin Gezawa suna shiga gaɓar su zama kamar sanfefa, ta fara ƙara, ta fara lilo. Wanda zai saya ya nemi mai bushin roba ko mai rufi, ko da bai kai wancan ƙyalli a hoto ba. Zaren koyiloba ma idan ba a wanke an shafa masa giris ba, damina ɗaya ta isa ya cije, a koma mota mara saiti da aka biya kuɗin saiti.

Za a ce kuɗinsa ne, motarsa ce, kuma ado ma wani abu ne. Gaskiya ne, kuma wanda ya ajiye mota don hoto da zagayen Sallah a cikin birni yana da hujjarsa. Amma ko shi bai da hujjar abin da aka fi yi don arha: a sa wutar walda a yanke sifirin ko a gasa shi har ya zauna. Zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, ɓangarorin biyu ba sa zama daidai, kuma gajeren sifirin yana iya barin mazauninsa idan taya ta rataya. Kayan Beljiyam masu lafiya daga Ƙofar Ruwa sun fi wannan sau goma.

Inda kaya masu saiti suke biyan kuɗinsu a nan shi ne tsohuwar motar da ta sha ramuka har jikinta ya ɗan murɗe, tana ja gefe ɗaya, tana cin taya ɗaya, mai alayimen ya yi iya yinsa ya gaji. Farantin sama da sanda mai zare suna dawo da ɓangarorin biyu daidai. Koyiloba kuma tana mayar da tsayin da tsohon sifirin ya rasa, har a ƙara kaɗan.

Sharaɗin shi ne awo, kuma abin awon yana aljihu. Kowace wayar zamani tana da na'urar gane karkata, kuma manhajojin auna kusurwa kyauta ne. A ajiye mota a daɓe mai daidai, a dafa miƙaƙƙen ƙarfe a bakin rim, a jingina waya, a karanta kamba. Bai kai injin alayimen ba, amma zai nuna idan hagu da dama sun saɓa da digiri guda. Fuskantar taya kuma zare biyu da tef suna auna ta. Kada a raina ta: kuskuren digiri 1 yana nufin ana jan taya a kaikaice kusan mita 17 a kowace kilomita.

Masu rubuta manhaja suna da ɗabi'ar da ta dace da gareji. Kafin a taɓa komai a ajiye yadda yake: a auna tsayi daga tsakiyar taya zuwa bakin fenda, a ƙirga zaren da ya fito, a ɗauki hoto. A canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya murɗa abu huɗu lokaci ɗaya motar ta fara ja, ba shi ba, ko bakaniken ba zai san wanne ne ba.

Sauran kuma aikin ogan gareji ne, kuma gara a biya shi. Sifirin da aka matse yana iya karya hannu ko muƙamuƙi idan ya kuɓuce. Notocin bushin roba ana ƙarasa ɗaure su ne bayan mota ta sauka a kan tayoyinta, ba tana rataye a jak ba. Kowace sanda mai zare tana da notin kulle, kuma zaren ya shige ciki sosai, ba a bar shi a baki ba. Bayan an gama a kai ta injin alayimen a birni, a ɗiga fenti a kan kowane noti, a leƙa bayan mako guda a ga ko ɗigon ya gusa.