Jami'ar Yamai: kuɗin hanya da katsewar lantarki na cin lokacin karatu

Jami'ar Abdou Moumouni tana Harobanda, a tsallaken kogin Neja, alhali mafi yawan unguwannin birnin Yamai suna ɗaya gaɓar. Saboda haka dubban ɗalibai da malamai da ma'aikata sai sun haye gada kowace safiya, galibi gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. An ƙara gada ta biyu a 2011, sannan ta Seyni Kountché a 2021, amma gada ba ta rage wa ɗalibi kuɗin mota.

Wanda bai sami ɗaki a masaukin jami'a ba yana da zaɓi kaɗan: bas ɗin ɗalibai idan ya samu wuri, faba-faba, tasi, ko babur. Dukansu mai suke sha. Matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana tun 2011, ta daɗe tana wadatar da kasuwa ne saboda man ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya yana ɗauke wani kaso na buƙata. Da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan man ya yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai. Gwamnatin Nijar ta sauke farashin lita zuwa CFA 499 a 2024, sai dai a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a Yamai. Ranar da mai ya yi ƙaranci, ɗalibin da ke nesa shi ne farkon wanda darasi ke wucewa.

Lantarki ma haka lamarin yake. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. An yanke ta a watan Agustan wannan shekara, ba a maido ba sai a 2024, bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin lacca marar fanka ba ya zaunuwa, na'urorin ɗakin gwaji su tsaya, injin janareto kuma gazuwal yake ci daga kasafin da ya kamata ya tafi ga littattafai da bincike.

Abin lura shi ne mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin rana ne da ya shugabanci ofishin ONERSOL, ya kuma riƙe jami'ar kanta. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023, ta nuna cewa abin yana yiwuwa a kusa da Yamai. Jami'a kuwa ta fi gidaje dacewa da wannan wuta, domin aikinta da rana ne, daidai lokacin da faifan sola ke ba da ƙarfi, don haka ba ta buƙatar batura masu yawa. A Kano, Jami'ar Bayero ta sami tasha mai megawat 7.1 a 2019. Abin da ke raya irin wannan tasha shi ne kuɗin gyara, da wanke ƙurar hunturu daga faifan, da horar da masu kula da ita.

A ɓangaren sufuri, kiran ɗalibai su hau keke ba zai yi tasiri ba muddin babu hanyar da ta raba su da manyan motoci, babu inuwa, babu wurin ajiya mai tsaro. Bas ɗaya mai tashi a kan lokaci yana maye gurbin babura da dama, ya rage mai da haɗari tare. Tsara jadawalin darussa yadda ɗalibi ba zai haye kogi sau huɗu a yini ba, wannan ba ya cin ko dala. Ƙarin ɗakunan kwana a harabar jami'a kuwa shi ne maganin da ya fi ɗorewa.

Matsalar ta wuce Yamai. Ɗaliban Ngaoundéré a Kamaru, waɗanda harabarsu ke Dang a wajen gari, sun san nauyin kuɗin hanya. Iyalin da ke tura ɗa ko 'ya karatu tsallaken iyaka ya kamata ya lissafa kuɗin mota da na wuta tare da kuɗin rajista, hukumomin jami'o'i kuma su sa su cikin kasafin karatu tun farkon shekara.