Sharhi: Matan Zanzibar da Gonakinsu na Cikin Teku

Sharhinmu na yau zai kai mu gabashin Afirka, tsibirin Unguja, wanda duniya ta fi sani da Zanzibar.

A ƙauyen Jambiani da ke gabar gabas, wata ne ke tsara wa mata aikinsu. Idan jinjirin wata ya tsaya, ko kuma ya kai sha huɗu, teku kan janye ya yi nisa, ya bar farin yashi fetal da ruwan da bai wuce ƙauri ba. A lokacin ne mata ke fitowa ɗaure da zannuwansu na kanga, da buhuna da ƙullin igiya a ka, suna takawa cikin ruwa zuwa gonakinsu. Gona ce sosai, sai dai ba a zuwa da fartanya ko taki. Turaku ake kafawa a yashi, a ja igiya daga wannan turke zuwa wancan, layi-layi kamar kunyoyin gyaɗa, sannan a ɗaɗɗaura 'yan rassan ciyawar teku a jikinta. Mutanen wurin suna ce wa ciyawar mwani. Cikin mako shida ɗan reshe ya zama dami. Sai a tsinke, a cusa a buhu, a jawo shi jiƙe sharkaf zuwa tudu, a shanya 'yan kwanaki, a kai wa wakilin kamfani ya ɗora a sikeli.

Daga nan ciyawar ta kama hanyar Turai da Amurka da Asiya, inda masana'antu ke tace wani sinadari daga cikinta, karajinan, mai sa abu ya yi kauri. Yana cikin askirim, yana cikin wasu magunguna, yana cikin man goge baki da yawa. Ba mamaki wani mai sauraronmu ya taɓa gumin waɗannan mata da safen nan bai sani ba.

Sana'ar ba ta daɗe can ba. A 1989 ne wasu kamfanoni suka kawo irin daga ƙasar Filifin suka fara gwadawa a Jambiani da maƙwabciyarta Paje, bayan masanin nan ɗan Tanzaniya, Farfesa Keto Mshigeni, ya shafe shekaru yana nuna cewa abin zai yiwu. Maza suka gwada, da yawansu suka ga ribar ba ta kai ta su ba, suka koma jiragensu. Mata suka riƙe. A ƙauyukan da mace ba ta saba riƙe kuɗin kanta ba, sai ga shi tana biyan kuɗin makarantar 'ya'ya, tana sayen katifa, tana rufa ɗaki da kwano. A yau manoman sun haura 20,000 a Unguja da 'yar'uwarta Pemba, kuma kusan takwas cikin goma mata ne. An daɗe ana lissafa ciyawar a matsayi na uku wajen kawo wa Zanzibar kuɗin waje, bayan yawon buɗe ido da kanumfari, wannan dai da ake jefawa a kunu da zoɓo.

To amma ruwan ya yi zafi.

Dakta Flower Msuya, masaniyar da ta ƙarar da rayuwar aikinta tare da waɗannan mata, ta sha bayyana cewa a shekarun 1990 zafin ruwan bakin gaɓa bai cika wuce digiri 31 ba, yanzu kuwa yakan kai 37 ko 38 a watannin zafi, daga Disamba zuwa wajen Maris. Irin da ya fi daraja a kasuwa, kotoni, ba ya jure wannan. Reshe ya fara fari daga tsakiya, ya yi laushi, ya karye, igiyar ruwa ta tafi da shi. Mace ta dawo bayan mako biyu ta tarar da igiyarta tsirara. Abin da ya rage shi ne ɗayan irin, sifinosam, mai taurin rai amma mai arha. Wato wahala tana nan yadda take, ciwon baya na duƙawa, idon da hasken rana a kan ruwa ke cinyewa, ƙayar halittun teku a tafin ƙafa, kuɗin ne kawai ya ragu. Kuma kowa ya san matar da ko keke ba ta da shi ba ita ce ta cika sararin samaniya da hayaƙin da ya ɗumama tekun ba.

Masana suna da magani: a matsa da gonakin can ciki, inda ruwa ke da zurfi da sanyi. An gwada, kuma kotoni ya yi kyau a wurin. Sai dai zurfi na buƙatar kwalekwale, yana kuma buƙatar iya iyo, alhali galibin matan tsibirin, duk da an haife su a bakin teku, ba a koya musu iyo ba. Al'ada ta bar wannan ga maza. Abin farin ciki, ƙungiyoyi irin su Panje Project a Nungwi sun fara koya wa 'yan mata da manyan mata iyo cikin suturar da ta rufe jiki baki ɗaya, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da mazaje. A Jambiani wasu sun koma noman soson teku. Wasu kuma, ta hanyar haɗakar da Dakta Msuya ta jagoranci kafawa a 2006, sun koyi niƙa ciyawar su yi sabulu da man shafawa da garin da ake zubawa a abinci, maimakon sayar da ita ɗanya a farashin da mai saye ya ga dama.

Akwai kuma maƙwabcin da ya tare a gaɓar: otal. Zanzibar mai mutum kusan miliyan 1.9 a ƙidayar 2022 ta karɓi baƙi fiye da 700,000 a 2024 kaɗai. Ba wanda zai musanta alherin hakan, domin dubban samari suna cin abinci a tuƙin mota da girki da rakiyar baƙi cikin lungunan tsohon birnin Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Amma Paje, inda aka fara noman, yau ta zama matattarar masu wasan zamiya da lema a kan ruwa, kuma turaku da igiyoyi ba sa shiri da wannan wasa. Hanyoyin da mata suka saba bi zuwa teku, katanga ta tare wasu. Filin shanya ya ƙuntata.

Batun ruwan sha ya fi ciwo. Gabashin Unguja dutsen murjani ne mai ramuka, ruwan daɗi ɗan kaɗan ne yake kwance a saman na gishiri. In aka zuƙe shi da injin, gishiri ya hau rijiya. Wani rahoto da ƙungiyar Tourism Concern ta Ingila ta fitar a 2012 ya gano cewa a ƙauyukan da otal ya yi yawa, gida guda na amfani da kimanin lita 93 a rana, yayin da ɗaki ɗaya a babban otal ke cin fiye da lita 3,000, in an haɗa da wurin iyo da ban ruwan furanni. Tun daga lokacin otal ƙaruwa suka yi. Matar da ta wuni a ruwan gishiri, ita ce da yamma za ta ɗauki jarka ta shiga layin famfo.

Shugaba Hussein Ali Mwinyi, da ya hau mulki a 2020, ya ɗora manufarsa a kan abin da yake kira tattalin arzikin teku, har ya kafa masa ma'aikata ta musamman. Wannan mataki ne mai kyau, kuma gwamnati ta nuna tana iya karɓar kuɗi daga baƙi in ta so: a ranar 1 ga Oktoban 2024 ta fara wajabta wa baƙi daga waje biyan inshora na dala 44 kafin su shiga. Abin da ya kamata ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. A shata wa manoman ciyawa iyakar gonakinsu a cikin doka, yadda mai otal ba zai wayi gari ya ce a tuge turaku ba. A sa mita a rijiyoyin burtsatsen otal-otal, a kuma ƙayyade abin da za su zuƙa. Kwalekwale da rigunan kariya su isa hannun ƙungiyoyin mata kai tsaye. Sannan a tace karajinan a cikin tsibirin, domin a wurin tacewar ne mafi yawan ribar take, kuma shekara fiye da 30 ke nan ana loda ta a jirgi tana tafiya ƙasashen waje cikin buhunan busasshiyar ciyawa.