Russell Westbrook: Gwani Ne, Amma Madugu Ne?

Duk inda masu sha'awar ƙwallon kwando suka haɗu, in aka ambaci sunan Russell Westbrook na ƙasar Amurka, sai gardama ta kaure. Wasu su ce ba a taɓa yin mai rarraba ƙwallo kamarsa ba, wasu kuwa su ce ɗan neman suna ne kawai.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin aikin da ake gardama a kansa. A cikin mutum biyar da ke fili, mai rarraba ƙwallo shi ne madugu. Shi ke ɗauko ƙwallo daga gida, ya duba wanda ya fi zama a sarari ya miƙa masa, shi ne kuma ke yanke shawarar a yi sauri ko a sassauta.

Masu yabon Westbrook suna da hujja mai ƙarfi. A shekara ta 2016 abokin wasansa Kevin Durant ya bar kulob ɗin Oklahoma City Thunder, aka zaci kulob ɗin ya mutu ke nan. Sai Westbrook ya ɗauki kayan shi kaɗai. A kakar 2016 zuwa 2017, in aka raba daidai, kowane wasa ya ci maki 31.6, ya cafe ƙwallon da ta kuskure kwando sau 10.7, ya kuma miƙa wadda aka ci sau 10.4. Watau ya haura goma a fannoni uku, abin da ba a gani ba tun Oscar Robertson a 1962. Sau 42 ya yi haka a wannan kaka, kulob ɗinsa ya ci 33 daga cikin wasannin. Wanda ya ce waɗannan alƙaluma na banza ne, lalle bai yi masa adalci ba. Shi aka zaɓa gwarzon shekara a 2017, kuma ya cancanta.

Amma fa masu suka su ma ba hassada ce ta sa su magana ba. A wannan kaka ɗin dai ya zubar da ƙwallo ga abokan karawa sau 438, watau fiye da sau biyar a kowane wasa. Jifansa daga nesa, mai maki uku, cikin goma da ƙyar uku ke shiga a tsawon shekarunsa na wasa, amma bai fasa jefawa ba. Da aka zo wasannin neman kofi a 2017, Houston ta fitar da su tun zagayen farko da ci 4 da 1. Daga 2019 zuwa 2024 sau biyar yana sauya kulob, kuma har ƙarshen kakar 2025 bai ɗauki kofin NBA ba.

Gaskiyar magana ita ce, ƙarfinsa da rauninsa abu ɗaya ne: gudu da zafin nama. Su ne ke ratsa masu tsaron gida a farkon wasa, su ne kuma ke jawo ɓarna in saura minti biyu, lokacin da ake bukatar natsuwa. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

'Yan Nijeriya suna da misali a kusa. Lokacin da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ci kofi da Houston a 1994 da 1995, mai rarraba musu ƙwallo Kenny Smith ne, wanda ko sau ɗaya ba a zaɓe shi wasan taurarin NBA ba. Amma ya san inda gwani yake, ya kai masa ƙwallo, in an bar shi a sarari kuma ya jefa ta shiga.

Saboda haka a ba Westbrook girmansa, domin yana cikin manyan 'yan wasan zamaninsa. Sai dai masu koyar da yara a filayen Legas da Kano da Zariya su yi hattara. Yaro ya kwaikwayi himmar Westbrook, wannan daidai ne. Amma in za a ba shi ragamar mutum biyar, to, a fara koya masa lokacin da ya kamata ya tsaya ya dubi 'yan'uwansa huɗu.